Lambar C92.A a kundin ICD-10-CM: tambayoyi da amsoshi kan sankarar jini ta AML mai gurɓacewar siffa

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu koyon aikin sanya wa cututtuka lamba, da ma'aikatan ajiye bayanan asibiti, har ma da dangin marasa lafiya da suka ga haruffa da alƙaluma a takardar inshora suka rasa gane kansu. Na tsaya kan reshe guda na sankarar jini, wanda ICD-10-CM, kundin lambobin cututtuka na Amurka, ya ba lamba C92.A, domin a nan na fi ganin ana tuntuɓe. Sunan da ke jikin lambar na shekarar 2001 ne, likitoci kuwa sun sake wa ciwon suna har sau biyu tun daga lokacin.

Mece ce AML, kuma don me ake raba ta rassa-rassa?

Sankara ce da ke farawa a ɓargo, inda jiki ke ƙera jini. A lafiyayyen ɓargo ɗanyar ƙwaya takan girma ta nuna, ta zama jar ƙwayar jini, ko fara mai yaƙi da cuta, ko 'yar ƙwayar nan mai tsayar da zubar jini da ake kira filatilet. A AML sai ɗanyun ƙwayoyin, waɗanda likitoci ke kira bilas, su ƙi nuna, su yi ta hayayyafa har su cika ɓargon su hana na kirki wuri. Shi ya sa mai ciwon kan zo da kasala da ɗashewa, da zazzaɓin da ba ya jin magani, da jini a dasashi ko tabo a fata ba tare da ya bugu ba. Ciwo ne mai gaggawa, cikin makonni yake kwantar da mutum.

Raba ta rassa ba don ado ba ne. Mutum biyu za su iya kwanciya gado kusa da gado, dukansu an ce AML, amma maganinsu da abin da ake sa rai a kansu sun sha bamban. Wanda ke da reshen APL, mai musayar gutsure tsakanin kuromosom (ƙunshin ƙwayoyin gado) na 15 da na 17, wato t(15;17), ana ba shi maganin ATRA da sinadarin asenik, kuma yawancin masu shi suna warkewa idan suka tsallake haɗarin zubar jini na kwanakin farko. Wanda ke da reshen da muke magana a kai, galibi mai manyan shekaru ne, kuma ciwonsa ya fi taurin kai ga magani. Lambar da za a sanya wa kowannensu dole ta nuna wannan bambanci.

Me ake nufi da gurɓacewar siffa a zuriya fiye da ɗaya?

Ƙwayoyin ɓargo na ɓangaren mayiloyid, ɓangaren da AML ke fitowa daga cikinsa, zuriya uku ne: masu zama jajayen ƙwayoyi, masu zama fararen ƙwayoyi irin su niyutirofil, da manyan ƙwayoyin da ke haifar da filatilet. Idan likitan duba samfuri ya ɗora ɓargo a ƙarƙashin madubin likita, ba bilas kaɗai yake ƙirgawa ba. Yana kuma duban sauran ƙwayoyin da suka samu suka ɗan nuna, ya ga ko siffarsu daidai take. Zai iya ganin niyutirofil da cibiyarta ba ta rarrabu yadda ya kamata ba, ko wadda ɗige-ɗigen cikinta suka ɓace, ko uwar filatilet da ta tsumbure ta zama 'yar ƙarama. Wannan lalacewar kama ita ake kira disfilaziya.

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ita ce a sami wannan lalacewa a aƙalla rabin ƙwayoyin kowace zuriya, a zuriya biyu ko fiye. Kundin ICD-10-CM ya ƙara wani bayani a ƙarƙashin C92.A: lambar ta haɗa da AML da ke tare da gurɓacewar sauran ƙwayoyin ɓargo, ko wadda aka san mai ita ya taɓa fama da MDS kafin nan, wato ciwon da ɓargo ke ƙera gurɓatattun ƙwayoyi har jini ya yi ƙaranci, ko duka biyun.

In rubuta C92.A kawai ya wadatar?

Bai wadatar ba. C92.A kan magana ne, ba a karɓar ta a takardar neman biya sai an cika ta da alama ta biyar. C92.A0 na wanda ciwonsa bai lafa ba. C92.A1 na wanda ciwonsa ya lafa. C92.A2 na wanda ciwon ya lafa sannan ya dawo.

Sifilin nan yana ɗaukar mutum iri uku, kuma a nan sababbin hannu ke rikicewa. Yana ɗaukar wanda yanzu aka gano ciwonsa, da wanda aka yi wa magani ciwon ya ƙi lafawa, da kuma wanda likita bai ce komai ba game da matsayin ciwonsa. Wanda aka yi wa zagayen farko na kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, bai yi aiki ba, A0 ne, ba A2 ba, domin abin da bai tafi ba ba a cewa ya dawo.

Gwajin ɓargo ya nuna bilas kashi 3 cikin ɗari. Ba sai in sa A1 ba?

A'a, sai likitan da ke kula da shi ya rubuta cewa ciwon ya lafa.

Na san dalilin da ke sa hannu ya yi ƙaiƙayi. Duk wanda ya daɗe yana karanta fayilolin sashen jini ya haddace ma'aunin cikakkiyar lafawa: bilas ƙasa da kashi 5 cikin ɗari a ɓargo, babu su a jinin jijiya, niyutirofil sun kai 1,000, filatilet sun kai 100,000 a kowace maikurolita. To ga sakamako a gabanka, kashi 3, me ya rage? Abin da ya rage shi ne hukunci, kuma ba naka ba ne. Ɓargon da aka ɗiba mako biyu bayan fara kemo yakan fito kusan fanko, bilas kaɗan ne saboda komai ma kaɗan ne, kuma likita bai isa ya kira wannan lafawa ba tukuna, sai jini ya farfaɗo an sake ɗiba. Wani lokacin ƙirgen ya yi kyau amma akwai ƙullutun ciwon a fata ko wani wuri. Mai sanya lamba yana ganin takarda ɗaya, likita yana ganin mutum.

Haka nan kalmomi irin su "yana samun sauƙi" ko "maganin ya karɓe shi" ko "ba a ga alamar ciwo a wannan gwaji ba" duk ba su kai a sa 1 ba. Idan fayil ya nuna alamar lafawa amma babu wanda ya furta, ka aika wa likita takardar neman bayani. Ƙa'idojin hukuma na ICD-10-CM, a babi na 2 da ya shafi sankara, sun faɗi haka ƙarara: idan rubutu bai fayyace matsayin lafawar sankarar jini ba, a tambayi likita.

Mene ne bambancin C92.A1 da Z85.6?

Z85.6 na nufin mutum ya taɓa yin sankarar jini, yanzu ta zama tarihi. C92.A1 na nufin har yanzu ana ɗaukarsa mai ciwon, sai dai ciwon ya kwanta. Kundin ya hana a haɗa su a kan ciwo ɗaya: a ƙarƙashin Z85.6 akwai gargaɗin cewa ba ta ɗaukar sankarar jinin da ke cikin lafawa.

A farkon aikina na yi wannan kuskure, kuma har yau yana raina. Wata dattijuwa ce ta zo duba na wata-wata. A saman takardar an rubuta "tarihin AML", sai na sa Z85.6 na wuce. Da na sauka ƙasa da na ga likitan ya rubuta cewa ciwon yana lafe, kuma tana kan maganin riƙo. Kalmar "tarihi" a bakin likita sau da yawa tana nufin labarin ciwon ne daga farkonsa, ba wai ya wuce ba. Takardar neman biyan maganin ta dawo ba a biya ba, domin a idon kamfanin inshora ana ba da maganin sankara ga wadda ba ta da sankara. An gyara daga baya, amma sai da 'yarta ta yi ta zarya da waya na kwanaki, alhali tana da abin da ya fi wannan damunta. Tun daga ranar ba na sanya Z85.6 sai na karanta takarda har sa hannun likita.

Babu wani adadin shekaru da kundin ya yanke cewa da zarar an kai shi lafawa ta koma tarihi. Likita ne zai ce.

Likitanmu ba ya rubuta sunan da ke jikin C92.A. Yana rubuta AML-MRC ko AML-MR. Ciwo ɗaya ne?

Nan ne gizo ke saƙar, kuma sai an ɗan koma baya kafin a gane.

A 1976 wasu masana daga Faransa, Amurka da Birtaniya suka fitar da tsarin da ake kira FAB, wanda ya raba AML bisa kamannin ƙwayoyi. Daga baya aka cike shi ya zama M0 zuwa M7. A tsarin nan sai bilas sun kai kashi 30 cikin ɗari ake cewa AML. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauke iyakar zuwa kashi 20, ta kuma ware wani rukuni ta kira shi AML mai gurɓacewar siffa a zuriya fiye da ɗaya. Wannan sunan ne kundin lambobi ya ɗauka, kuma shi yake riƙe da shi har yanzu.

A 2008 hukumar ta faɗaɗa rukunin ta sake masa suna, ya koma AML-MRC, wato AML mai sauye-sauyen da ke da alaƙa da MDS. Daga nan ƙofa uku ce ke shigar da mutum: ya taɓa yin MDS, ko an sami wasu lahani na musamman a kuromosom ɗinsa, kamar ɓacewar na 7 ko guntulewar dogon hannun na 5 ko tarin lahani da yawa a haɗe, ko kuma an ga gurɓacewar siffar da muka bayyana. Gyaran 2016 ya cire masu sauyi a ƙwayar gadon NPM1 da masu sauyi a kwafi biyu na ƙwayar gadon CEBPA daga rukunin idan gurɓacewar siffa ce kaɗai hujja, domin an ga ciwonsu ba ya tafiya irin ta sauran.

Sai bugu na biyar a 2022, wanda ya kira shi AML-MR, ya kuma ajiye gurɓacewar siffa gaba ɗaya a matsayin hujja mai cin gashin kanta. Yanzu abin dubawa shi ne tarihin MDS, da lahanin kuromosom, da sauyi a ɗaya daga ƙwayoyin gado takwas: ASXL1, BCOR, EZH2, SF3B1, SRSF2, STAG2, U2AF1 da ZRSR2. A wannan shekarar kuma wata ƙungiyar masana ta fitar da nata tsarin mai suna ICC, wanda ya ƙara RUNX1 a jerin. Ke nan likitoci biyu za su iya duban mutum ɗaya su rubuta suna biyu, kowa da littafin da yake bi.

To ina mafita? Wanda ya taɓa yin MDS, ko wanda likita ya rubuta yana da gurɓacewar siffa a zuriya fiye da ɗaya, bayanin da ke ƙarƙashin C92.A ya ɗauke shi kai tsaye. Inda ake cije leɓe shi ne wanda aka kira AML-MR saboda sauyin ƙwayar gado kaɗai, ba tarihin MDS, ba gurɓacewar siffa. A ra'ayina C92.A ce mafi kusa da abin da likitan yake nufi, tunda daga wancan rukuni na 2001 sunan ya samo asali. Amma kalmomin kundin ba su ambace shi ba, don haka bai kamata kowane ma'aikaci ya yanke nasa hukuncin shi kaɗai ba. Sashen lambobi ya zauna da likitocin jini, a tsayar da magana guda, a rubuta ta, kowa ya bi. Abin da ya fi ɓata bayanai shi ne mutum ɗaya ya fito C92.A0 a watan nan, C92.00 ta AML da ba a fayyace reshenta ba a wata mai zuwa, saboda hannu biyu ne suka taɓa fayil ɗinsa.

Rahoton ɗakin gwaji ya bayyana gurɓacewar siffa dalla-dalla, amma likitan da ya kwantar da shi ya rubuta AML kawai. Wanne zan bi?

Ga wanda aka kwantar, ba a ɗaukar sunan ciwo daga rahoton ɗakin gwaji shi kaɗai. Sai likitan da ke kula da shi ya amince da shi a rubutunsa. Idan AML kawai ya rubuta, lambar da rubutun ya ba ka ita ce C92.00. Amma kada ka tsaya nan kana ganin rahoton da ya nuna reshe ƙarara. Ka tambaya.

A ɓangaren masu zuwa su koma gida akwai sassauci: idan an zo gwaji ne, kuma likita ne ya fassara sakamakon ya sa hannu a rahoton ƙarshe, ana iya sanya lambar abin da ya tabbatar.

Akwai kuma batun zato. Idan a takardar sallama ta wanda aka kwantar likita ya rubuta "mai yiwuwa" ko "ana kyautata zaton", ƙa'idar Amurka ta yarda a sanya lambar kamar an tabbatar. Ga mai zuwa ya koma gida ba haka ba ne, alamomin da ya zo da su ake sanya wa lamba har sai an tabbatar. Ni dai ko inda ƙa'ida ta yarda, in sankara ce nakan so in ga an jira sakamakon ƙarshe idan yana hanya, domin lambar sankara da ta shiga bayanan mutum tana da wuyar gogewa.

Na ga D46.A ma tana maganar gurɓacewar siffa a zuriya fiye da ɗaya. Ba ita ce ba?

Ba ita ba ce, ko da yake sun yi kama kamar an tsaga kara. Dukansu suna da harafin A, dukansu suna ɗauke da jimla iri ɗaya a ƙarshen sunansu, kuma idan ka rubuta jimlar a akwatin nema na manhaja tare za su fito. D46.A reshe ne na MDS, ciwon da ɓargo ke ƙera gurɓatattun ƙwayoyi, jini ya yi ƙaranci, amma bilas ba su kai iyakar AML ba. C92.A kuwa sankarar jini ce mai gaggawa. D46.A a haruffa huɗu ta cika, C92.A sai da na biyar.

To idan MDS ce ta rikiɗe ta koma AML fa?

Da zarar likita ya rubuta cewa ta rikiɗe, ciwon da ake yi wa magani yanzu AML ne, kuma C92.A ta riga ta ɗauki labarin MDS ɗin a cikinta. Abin lura shi ne jerin matsalolin da kwamfuta ke kwafowa daga ziyara zuwa ziyara. Za ka ga MDS tana nan zaune a jerin wata shida bayan rikiɗewar, don babu wanda ya cire ta. Ka bi abin da likita ya rubuta da hannunsa a ziyarar da ke gabanka.

Wani tsohon suna kan fito a takardun da suka daɗe: RAEB-T. A tsarin FAB wannan MDS ce mai bilas tsakanin kashi 20 da 30. Da aka sauke iyaka sai ta faɗa cikin AML, kuma ICD-10-CM ya ajiye ta a ƙarƙashin C92.0.

Sauran rassan AML ina suke?

Ba duka ke cikin C92 ba, kuma wannan kan ba wa sabon shiga mamaki. M0, M1, M2 da mai t(8;21) suna C92.0. APL tana C92.4. M4, har da mai inv(16), tana C92.5. Mai lahani a 11q23, inda ƙwayar gadon KMT2A take, wadda a da ake kira MLL, tana C92.6. M5 ta tsallaka zuwa C93.0, M6 tana C94.0, M7 tana C94.2. Ƙullutun da bilas ke tarawa a wajen ɓargo yana C92.3. Dukansu suna bin tsarin 0, 1, 2 ɗin nan a ƙarshe.

Sababbin rassan da aka gano ta ƙwayoyin gado, irin mai sauyin NPM1, ba su da lambar kansu a nan. A tsohon kundin ICD-9-CM, wanda Amurka ta bari ranar 1 ga Oktoba 2015, yawancin waɗannan rassa na C92 a 205.0 suke cunkushe.

A asibitinmu ba a amfani da kundin Amurka. Lambar ɗaya ce?

A'a. A kundin ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya wannan ciwo C92.8 ne, kuma babu alama ta biyar mai nuna lafawa. Harafin A na Amurka ne. Jamus tana da nata gyararren kundi, ICD-10-GM, wanda ke ƙara 0 ko 1 don nuna ko an sami cikakkiyar lafawa, babu 2. A ICD-11, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2022, dangin AML suna ƙarƙashin 2A60, reshen namu kuma 2A60.1 ne, da sunansa na 2008. Kafin ka kwafi lamba daga intanet, ka tabbatar daga wane kundi ta fito.

An kwantar da shi don kemo. Wace lamba ce za ta zo farko?

Ya danganta da abin da ya kawo shi. Idan an riga an san ciwon, aka ba shi rana ya zo don zagayen kemo kawai, Z51.11 ce a gaba, lambar AML ta biyo. Idan kuwa ya zo ne da zazzaɓi da ƙarancin jini, aka ɗibi ɓargo aka gano ciwon a wannan kwanciya, sannan aka fara masa maganin nan da ake kira 7+3, wato sitarabin na kwana bakwai da dawunorubisin ko ɗan'uwansa na kwana uku, to C92.A0 ce a gaba. Bincike ne ya kawo shi, kemo ya biyo baya.

Wanda ciwonsa ya lafa ya dawo don zagayen ƙarfafawa, Z51.11 ce sannan C92.A1. Kada ganin ana ba shi kemo ya sa ka mayar da shi A0. A sankarar jini ana ci gaba da magani bayan lafawa, don a kashe abin da ido bai gani ba.

Matsalolin da ke biyo baya fa?

Suna da yawa, kuma kowacce sai likita ya faɗi musabbabinta. Ƙarancin jini da sankarar ta jawo D63.0 ne, kuma lambar sankarar ce ke gaba ko da ƙarancin jinin aka zo yi wa magani. Wanda kemo ya jawo D64.81 ne, shi ne ke gaba idan don shi aka zo, sai sankarar, sai T45.1X5A mai nuna illar maganin da aka ba da yadda ya dace. Faɗuwar dukkan zuriya uku saboda kemo D61.810 ce. Faɗuwar niyutirofil saboda kemo D70.1 ce, a ƙara R50.81 idan da zazzaɓi. Cikar jini da dattin ƙwayoyin da magani ya farfasa E88.3 ce. Wanda aka yi wa dashen ɓargo ana nuna shi da Z94.81, dashen ƙwayoyin asali kuma Z94.84, matuƙar dashen bai kawo matsala ba.

A mai AML, ciwon da maganin duka suna iya kayar da jini, sau da yawa a lokaci guda. Idan likita ya rubuta faɗuwar bai ce me ya jawo ta ba, ba ka da ikon zaɓa masa.

Kuskure ɗaya da ya kamata a kauce masa: ba a sanya C79.52, lambar sankarar da ta yaɗu zuwa ɓargo. AML a ɓargo aka haife ta.

Wadda aka yi wa kemo don sankarar mama shekaru da suka wuce, yanzu ta kamu da AML, akwai lamba ta musamman?

A ICD-10-CM babu lambar da ke cewa AML ce da magani ya haifar. Ana sanya lambar reshen da likita ya rubuta, sannan a cika labarin da lambobin tarihi: Z85.3 idan sankarar maman ta wuce, Z92.21 don kemon baya, Z92.3 idan an yi mata gashin sankara da na'ura. Idan likita ya danganta ciwon da maganin baya a fili, a duba ƙa'idar illar magani kafin a rufe fayil. Irin wannan AML sau da yawa tana zuwa da gurɓacewar siffa da lahanin kuromosom na 5 ko na 7, don haka tana yawan haɗuwa da C92.A, amma ba dole ba ne.

Ma'aikatan rajistar sankara suna amfani da wasu lambobi daban. Me ya sa?

Aikinsu daban ne. Su ƙirga sababbin masu kamuwa suke yi, ba neman biya ba, kuma kundinsu ICD-O-3 ne, mai ba da lamba biyu: wurin da ciwon ya fara da irin ƙwayarsa. Ga AML wurin C42.1 ne, wato ɓargo. Reshen namu 9895/3 ne, wadda ba a fayyace ba 9861/3, wadda magani ya haifar kuma tana da tata, 9920/3, abin da ICD-10-CM ya rasa.

Mahaifina ne ke kwance. Na ga C92.A0 a takarda, an ce "bai lafa ba". Yana nufin maganin ya gaza?

Ba lallai ba ne, ki kwantar da hankalinki. Duk wanda aka gano ciwonsa yau da sifili yake farawa, kuma a nan zai zauna har ranar da likita ya rubuta cewa ya lafa, ko da maganin yana tafiya yadda ake so. Lambar ba ta faɗin yadda jikinsa yake karɓar magani. Wannan tambaya ce ta likitan jini, kuma kina da haƙƙin ki yi ta har sai kin gane amsar.

Abin da za ki iya dubawa da kanki shi ne ko lambar ta dace da abin da aka faɗa muku. Idan an ce muku yana da reshen da ke da alaƙa da MDS amma takarda ta ce C92.00, ki nuna wa ofishin biya. Yana da amfani. A Agustan 2017 FDA, hukumar kula da magunguna ta Amurka, ta amince da maganin Vyxeos, haɗin dawunorubisin da sitarabin a cikin ƙunshin kitse, musamman don manya masu sabuwar AML-MRC ko wadda magani ya haifar. Kamfanin inshora da ke duba neman izinin irin wannan magani zai so ya ga lamba da rubutun likita suna faɗin abu ɗaya. In sun saɓa, sai a fara aike-aiken takardu, ciwon nan kuwa ba ya jira.

Yaya zan rubuta takardar neman bayani ga likita?

Gajeruwa, mai ɗauke da abin da ka gani a fayil da kwanan watansa, ba tare da ka tura shi ga amsar da kake so ba, kuma kada ka ambaci kuɗi ko abin da asibiti zai samu. Ka ba shi zaɓi na gaskiya, har da damar ya ce ba a iya tantancewa ba.

Ga yadda nakan tsara tawa: "Likita, barka da aiki. A bayanin kwanciya an rubuta AML. Rahoton ɓargo na ranar kaza ya nuna bilas kashi 34 da gurɓacewar siffa a sama da rabin ƙwayoyin zuriya biyu. A takardar asibitin da ya turo shi an ambaci MDS a bara. Don Allah a fayyace reshen AML da ake yi wa magani, bisa hukuncinka: mai gurɓacewar siffa ko mai alaƙa da MDS, ko wani reshe daban da za ka ambata, ko ba a iya tantancewa ba. A kuma nuna matsayin ciwon a ranar sallama."

Amsarsa ta shiga cikin fayil ɗin a matsayin ƙari mai kwanan wata da sa hannu. Maganar baki a baranda ba ta zama hujja ga mai bincike da zai zo bayan shekara biyu. Kafin ka rufe, ka duba kundin da ke aiki a ranar sallama, domin NCHS, cibiyar ƙididdigar lafiya ta Amurka, tana sabunta ICD-10-CM kowace 1 ga Oktoba, wani lokacin da ƙarin gyara a 1 ga Afrilu.